Fiyanonka ya iso, amma ba daga leda ya fito ba

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kana lafiya, ka gaishe mini da Inna da kyau, da sauran mutanen gida.

Kuɗin da ka turo sun shigo cif, kuma na kusa kammala sayen kayan situdiyon da ka lissafa. Sai dai akwai maganar da ba za ta yiwu a saƙon murya ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce mini, "Yaya, don Allah ban da gwanjo, sabo dal nake so a ledarsa." To ga shi kusan rabin kayan da ke jibge a falona yanzu, har da fiyanon, kaya ne da wani ya taɓa saye ya mayar wa kanti. Ban yi haka don na raina maganarka ba. Na san shekarun da ka yi kana tara kuɗin nan da guminka, kuma na fi tsoron in ɓata maka su fiye da nawa. Ka karanta zuwa ƙarshe, in ba ka gamsu ba har yanzu akwai damar mayarwa.

Abin da ya sa irin wannan kaya ya yi yawa a nan Jamus doka ce. A duk ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet daga hannun ɗan kasuwa yana da kwana 14 daga ranar da kayan suka shigo hannunsa, ya ce ya fasa, ba sai ya faɗi dalili ba. Ba sai abin ya lalace ba. Mutum zai yi odar jita biyu ya riƙe wadda ta fi zama masa a hannu, ya mayar da ɗayar. Wani ya sayi lasifika ya ga ta yi wa teburinsa girma. Wani matarsa ce ta ga rasit. Duk waɗannan kaya suna komawa sito, kuma tunda an yage tef an buɗe kwali, sau da yawa kanti ba ya sake kiransu sababbi. Sai ya duba su, ya rage kuɗin, ya sa su a wani rukuni da suke kira B-Stock, Jamusawa kuma su ce B-Ware. Ka ga wannan daban yake da kayan da aka yi shekara biyar ana wahalar da su a gidan biki.

Babban kantin da kusan kowane makaɗi ke oda daga gare shi a nan shi ne Thomann. Yana wani ɗan ƙauye da ake kira Treppendorf kusa da Bamberg, a jihar Bavariya. Hans Thomann ne ya kafa shi a 1954, ɗansa mai sunansa ya karɓi ragamar a 1990, daga wannan ƙauyen kuma suke aika kaya duk faɗin Turai. Su sun ƙara a kan abin da doka ta ce: kwana 30 na mayarwa, da garantin shekara 3. Abin da ya ja hankalina shi ne kayan B-Stock ɗinsu ma suna zuwa da wannan garantin da waɗannan kwanakin, daidai da sabo. A nan na sayi fiyanonka, Yamaha PSR-SX600 ɗin da ka nace a kai.

Bari in gaya maka yadda ya zo. Mai kai kaya na DHL ya hau da shi har bene na uku yana haki. Kwali biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na waje sabo ne, na ciki kuwa na Yamaha ne, kana ganin tef biyu a bakinsa, tsohon da aka yanka da sabon da aka ɗora a kai. Ledar da ke lulluɓe da fiyanon ta ɗan yamutse. Adafta tana nan, allon ɗora takarda yana nan, littafin bayani ko ninki babu a jikinsa. Na kai shi bakin taga inda hasken rana ke faɗowa, na karkata shi, sai na hango wani siririn ƙarce a gefen hagu, tsawonsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Iyakar aibinsa ke nan.

Ban tsaya a ido ba. Na sa abin kunne na bi maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu, da taushi sannan da ƙarfi, domin fiyano irin wannan yana jin nauyin yatsa, kuma in robar da ke ƙarƙashin maɓalli ta samu matsala za ka ji wani ya fi 'yan uwansa tsawa ko ya yi shiru. Na murɗa duk abin murɗawa, na danna kowane botin, na cusa filashi a ramin USB, na jona waya a kowace kafa ta baya ina girgiza ta a hankali ko zan ji ƙarar kaskas. Na bar shi a kunne tun la'asar har bayan isha. Lafiyarsa ƙalau. An rage mini sama da Yuro 60 saboda ƙarcen da kai da kanka za ka yi masa irinsa a makon farko. Kuɗin ne suka saya maka ƙafar ɗora shi da jakar ɗauka.

Kada ka ɗauka ragin yana da yawa ko'ina. A abin da na gani cikin makonnin da na yi ina leƙe, yawanci ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma bai taka kara ya karya ba. A ƙaramin kaya irin waya ko ƙafar makirufo bai kai ka tsaya tunani ba. Sai abu ya yi tsada sannan ragin ke zama kuɗin da za a iya ƙirgawa. Kuma guda ɗaya ne tak ake sakawa, in ka tsaya shawara zuwa gobe wani ya ɗauke.

Lasifikokin situdiyo, Yamaha HS5, ɗaiɗai ake sayar da su, farashin da kake gani na guda ne. Na samu guda a cikin na mayarwa, na haɗa da sabuwa guda. Na jera su na saki ƙara daga mafi kauri zuwa mafi siriri, ina kasa kunne ko wata za ta yi rawa ko zuza. Yanzu haka in ba na duba lambar da ke bayansu ba, ba zan iya ce maka ga sabuwar ba.

Makirufo ne na raba biyu. Shure SM58 tun 1966 ake yin sa, kuma an san shi da jure faɗuwa da duka, don haka ko na mayarwa ne ba zan ji ɗar ba. Abin tsoro a kansa jabu ne, domin yana cikin makirufon da aka fi kwaikwaya, shi ya sa ban saye shi a hannun mutum ba sai a kanti mai izinin kamfani. Amma babban makirufon ɗaukar murya, irin mai buƙatar wuta bolt 48 daga akwatin sautin da ke haɗa shi da kwamfuta, sabo na saya ban ko duba na ragi ba. Fatar da ke cikinsa ta fi takardar sigari siranta nesa ba kusa ba, danshin numfashi da faɗuwa ɗaya suna iya taɓa ta, kuma ba abin da ido zai nuna maka. Shi ne zai ɗauki muryar duk wanda ya shigo situdiyonka. A nan siyan nagari mayar da kuɗi gida ne. Haka abin kunne mai shiga cikin kunne da duk abin da ake sa wa baki a busa, sabo kawai. Doka ma ta cire kayan tsafta da aka ɓalle hatiminsu daga cikin abin da dole a karɓa in an mayar.

Inda na sha wuya shi ne akwatin sauti, wanda ke haɗa makirufo da kwamfuta. A wani kanti daban na gan shi da ragi mai kyau, na yi wuf na saya. Ya zo yana aiki sumul. Da na shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi don in yi rajista, sai aka ce an riga an yi rajistar wannan lambar da sunan wani. Ka san irin waɗannan akwatuna suna zuwa da kyautar manhajoji, irin su Ableton Live Lite da tarin sautuka, kuma a jikin lambar akwatin lasisin yake rataye. Wanda ya fara saye ya kwashe rabonsa ya mayar da ƙarfen. Raina ya ɓaci sosai, domin ina ganin da kuɗinka na yi cinikin biri a sama. Na yi kwana tara ina musayar wasiƙa, na tura hoton rasit, na tura hoton lambar, abin bai warware ba. Da na ga kwanakin mayarwa suna ƙarewa sai na naɗe shi na kai gidan waya, kuɗin suka dawo, na sayi sabo. Daga ranar na yanke wa kaina cewa duk na'urar da rabin amfaninta manhaja ce, ko dai sabuwa, ko in gwada rajistar a ranar da ta iso kafin in jefar da kwali.

Akwai kalmomin da sai mutum ya kula, don ba duk ragi ne iri ɗaya ba. Retoure shi ne wanda aka mayar. Vorführware shi ne wanda ya zauna a ɗakin nuni kowa yana taɓawa, wataƙila wata da watanni, wannan na fi yi masa kallon tsanaki musamman in fiyano ne ko ganga ta lantarki. Generalüberholt kuwa wanda aka gyara ne aka sabunta. Sannan akwai bambanci tsakanin garanti, wanda alkawari ne na ganin dama daga kanti ko kamfani, da haƙƙin da doka ta ɗora wa mai sayarwa, wanda suke kira Gewährleistung. Shi wannan shekara 2 ne a sabon kaya, amma a kayan da aka yi amfani da su ɗan kasuwa na iya rage shi zuwa shekara 1 in ya sanar da kai aka yi yarjejeniya a kai. Tun farkon 2022, in aibi ya bayyana cikin wata 12 na farko ana ɗauka da shi kayan ya zo, sai dai mai kanti ya kawo hujjar akasin haka. Saboda haka kafin in danna saye nakan gangara ƙasan shafi in karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa.

Duk wannan kariya ba ta shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba. A shafin Kleinanzeigen, inda mutane ke tallata kayansu, za ka ga fiyano irin naka da araha mai ɗaukar ido, amma kusan kowane talla yana ƙarewa da cewa babu garanti babu mayarwa, kuma doka ta yarda da haka. Da kayana ne zan iya zuwa gidan mutum in gwada in ɗauki kasada. Da kuɗinka ban yi ba.

Abokin da ka ce yana Amurka zai iya samo maka mai sauƙi, to ka san yadda abin yake can. Babu dokar ƙasa da ta ba mai saye ta intanet kwana 14, kowane kanti da ƙa'idarsa. Suna da kantuna nagari, kamar Sweetwater a Fort Wayne ta jihar Indiyana, wanda Chuck Surack ya fara a 1979, suna ba da garantin shekara 2, kuma jita masu ɗan tsada sukan ɗauki hoton kowace guda da lambarta da nauyinta ka zaɓi taka. Wannan ya burge ni. Amma farashinsu ba ya haɗe da harajin saye, a nan kuwa abin da ka gani ya riga ya ƙunshi harajin kashi 19 cikin 100. Wutarsu kuma bolt 120 ce, ta Turai 230, kuma akwai lasifikoki da amfilifaya da aka ƙera don wuta ɗaya kawai. Ingila tana da nata kwana 14, da manyan kantuna irin Andertons a Guildford da Gear4music a York, sai dai tun 2021 da ta gama fita daga kasuwar Tarayyar Turai lissafin kwastan ya shigo tsakaninmu da su, don haka ban waiwaya can ba.

Abin da ya fi damuna, kuma nake so ka riƙe, shi ne nisa. Garantin shekara 3 yana amfani ne in za a iya mayar da kayan inda aka saye su. Ranar da fiyanon nan ya hau jirgi, ko sabo ne ko na mayarwa, dawo da shi zai ci kuɗin da ya kusa kuɗin gyaransa ko ya fi. Sabon da ba a taɓa buɗewa ba ma yana iya zuwa da aibi daga masana'anta, kuma da na biye maka na aiko shi a ledarsa, sai ya isa hannunka za mu gane. Shi ya sa hatta sababbin na farke su duka na gwada. Ledar da kake so ka yaga da hannunka na riga na yage ta, ka yi haƙuri, amma duk abin da zai zo maka na ji sautinsa da kunnena.

Na ajiye rasit na kowane kaya a fayil guda, na ɗauki hoton lambobinsu, kwalayen ma suna nan ban yar ba. Zan turo maka hoton ƙarcen da bidiyon da na ɗauka ina bin maɓallan. Saura kwana 17 a cikin 30 ɗin fiyanon. Ka duba da kyau, ka yi shawara da wanda za ku yi aiki tare, ka ba ni amsa kafin Juma'a ta sama, domin in mayarwa za a yi ina so in kai shi da sauran kwanaki a hannu. In kuma ka amince, sai in fara neman kumfa da katakon da za a ɗaure lasifikokin.

Yayanka.