Na gwada Azgaar wajen tsara duniyar littafina, ga abin da na gani

'Yan uwa marubuta, musamman masu labarin masarautu da aljanu da ƙasashen da babu su a duniya, akwai wata manhaja da nake amfani da ita kusan wata uku kenan, sunanta Azgaar's Fantasy Map Generator. Kyauta ce, ba sai ka sauke komai ba, a burauza kake buɗe ta, nan take ta zana maka taswira sabuwa fil da teku da duwatsu da koguna da garuruwa har da iyakokin ƙasashe.

Abin da ya kai ni gare ta tambaya ce da ƙanwata ta min bayan ta karanta babi na bakwai. Ta ce "Yaya, wai garin sarauniyar nan ba a tsakiyar hamada yake ba? To ina suke samo itacen da suke sassaƙa kwale-kwale, shi kuma kogin daga ina ya taso?" Wallahi ban da amsa, kuma abin ya tsaya min a rai sosai, don in yarinya 'yar sakandare ta lura to masu karatu ma za su lura.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne wajen saita yanayi. Za ka ga hoton duniya, kai za ka zaɓi inda ƙasarka take, kusa da tsakiyar duniya inda ake zafi ko can sama wajen ƙanƙara, ka sa ma'aunin zafi, sannan ga wasu 'yan kibau da ke nuna ta inda iska ke kaɗowa, kowace kibiya na riƙe da yanki mai faɗin digiri 30 a jikin hoton duniyar. Ni na ajiye tawa tsakanin digiri 5 zuwa 25 arewa da tsakiyar duniya don ta yi kama da namu, tunda Kano ma wajen 12 take. Sai na jera manyan duwatsu a bakin tekun yamma, na juya iskar ta riƙa zuwa daga yamma, na kunna shafin ruwan sama. Ɗigo-ɗigon shuɗi manya suka cika gefen da ke kallon teku, bayan dutsen kuwa sai ƙanana ƙanana har suka kusa ɓacewa, da na koma shafin tsirrai sai ga daji a gaba, hamada a baya. A nan na gane abin da aka koya mana a aji ban riƙe ba, iska in ta ɗauko laima daga teku ta hau dutse sai ta yi sanyi ta zubar da ruwanta a nan, ta gangara ɗaya gefen a bushe. Haka duwatsun Himalaya suka yi, gefen Indiya ruwa kamar da bakin ƙwarya, gefen Tibet ƙayau. Tsayi ma tana lissafa shi, ko a zahiri duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, shi ya sa Jos ke da sanyi alhali ba ta da nisa da Bauchi.

Koguna kuma daga tudu suke gangarowa suna haɗewa kamar yadda Binuwai ke haɗuwa da Neja a Lakwaja, garuruwa kuma ta fi dasa su a bakin ruwa. Tambayar ƙanwata ta samu amsa a dare ɗaya.

Amma fa akwai abin da ba ta yi, kuma a wurina babba ne. Iskarta fuska ɗaya take kallo shekara cur, ruwan saman da take nunawa ma na shekara ne gaba ɗaya a dunƙule. Mu kuwa rayuwarmu kaf a kan juyawar iska take, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da ƙura da hazo leɓe na tsagewa, sai bazara ta gasa mutane, sai iska ta juyo daga tekun Atlantika damina ta sauka, Agusta ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai kaka. Labarina kuwa duk a kan wannan yake tafiya, fatake ba sa tashi sai hanya ta bushe, sarki ba ya fita yaƙi sai an gama girbi an cika rumbu, rafin da doki zai tsallake da rani shi ne zai ci mutum a Agusta. Wannan dole na ɗauki littafi da biro na rubuta wa kowane yanki watanninsa goma sha biyu da hannuna.

Sunaye kuma tana da rumbu na Larabci da Suwahili da na Barbar har da na Najeriya, sai dai waɗanda na Najeriyar ya ba ni ba su min kama da Hausa ba. Daɗin abin kana iya zuba naka, na rubuta mata sunayen garuruwa irin su Gumel, Kazaure, Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni da sauransu da yawa, sai ta fara haɗo sababbi masu daɗin faɗa a bakinmu.

A waya kam wahala ce, madannan sun yi ƙanana, kwamfuta take so, kuma komai da Turanci yake. Ka fara gama duwatsu da teku kafin ka taɓa sunan gari ko ɗaya, don in ka koma gyaran tsayin ƙasa ta hanyar madannin gogewa (Erase), garuruwa da ƙasashe duk sake su take yi. Ka kuma riƙa sauke fayil ɗin taswirar cikin kwamfutarka akai-akai saboda ɗaukewar wuta. Inkarnate da Wonderdraft, wasu manhajojin zana taswira, sun fi ta kyan zane, amma su kai ne kake zana yawancin abubuwa, ba sa lissafa maka ruwan sama, kuma Wonderdraft sai ka saya.

Garin sarauniyar dai na tashe shi daga tsakiyar rairayi na mayar da shi kwanar kogi, kwana huɗu a kan raƙumi daga bakin hamada, yanzu babi na uku nake sake rubutawa.