Poki ko Play Store: ina ake jin kukan mai wasa?

Bayan sallar isha'i, matasanmu na Shara Mansur a Makka sukan zauna kowa da wayarsa. Ƙanena ya fi son wasannin Poki, wani shafin wasanni na intanet, domin buɗe shafi kawai za ka yi ka fara, ba saukewa, ba cika waya. Matsalarsa ɗaya ce. Idan wasa ya maƙale ko talla ta katse shi ana tsakiyar gudu, abin da zai iya yi a fili shi ne ya danna alamar babban yatsa sama ko ƙasa. Yatsa kuwa ba ya faɗa wa sauran masu wasa abin da ya ɓata maka rai.

A Play Store, inda muke sauke Ludo King, akwai taurari daga 1 zuwa 5, sannan ka rubuta ƙorafinka da Larabci ko Hausa. Kowa zai karanta, wanda ya ƙirƙiri wasan ma yana iya ba ka amsa a fili. Ni nan na fi karkata, ko da yake sai ka tanadi wuri a waya. Kafin in sauke wasa, ƙorafin waɗanda suka ba da tauraro ɗaya nake fara karantawa, su ne suke faɗin ko talla ta yi yawa.