Saitin goge ƙarfen silba: koren mai ya yi, burushin ya ɓata aiki

Burushin wayar da ke cikin wannan saitin ba na silba ba ne, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, komai aka rubuta a jikin kwalin. Baƙin ƙarfe ne zalla. Da shi na fara saboda na ga masu walda a Gusau da Ƙaura Namoda suna ta sayen saitin, irin mai fayafayen ƙyalle uku da dunƙulen mai baƙi da fari da kore, kuma duk wanda ya ɗora burushin nan a kan aikinsa zai ga abin da na gani.

A kan ƙarfen dafawa na matakalar bene na sa shi, bututun silba samfurin 304, don share ƙunar da walda ke bari a mahaɗa. An tashi aiki fes. Damina na kankama sai jajayen ɗigo suka feso, kuma daidai inda burushin ya bi kaɗai, sauran bututun tas. Mai gida ya ce jabun ƙarfe aka sa masa, kuma ban ga laifinsa ba, don abin da ido ya gani ke nan. Alhali bututun lafiyarsa ƙalau. Abin da ke hana silba tsatsa sinadarin kuromiyam ne, kashi 18 cikin 100 a 304, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar riga in ya haɗu da iska. Burushin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a maƙale cikin wannan rigar, ɓurɓushin ne ke tsatsa da zarar ya ji danshi, in an bar shi kuma ya ci rami. Haka soson ƙarfe na wanke tukunya ke yi, kada ma a kusanta shi da silba.

Gyaran ya fi aikin farko cin rai. Man gogewa ba ya ɗauke irin wannan tsatsar, ɓoye ta yake yi ta dawo. Sai an koma samfefa mai lamba 400 (ƙaramar lamba ta fi kaushi) an cire saman, a shafa ruwan lemun tsami a bar shi kamar minti 20, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a bar shi ya sha iska kafin a sake hawa. Mai son gwada burushinsa ya naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma ya kwana. In tsumman ya yi ja da safe, a jefar.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, koren man nan ya ba ni mamaki. Bayan samfefa 2000, shafa biyu a kan faifai mai laushi sai ga fuskar mutum a jikin bututu, har gashin gira. Ban taɓa samun haka da na kasuwa ba. Amma fa sai an biya haƙƙin samfefa, don babu man da ke cike karce. A bi 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000, da ruwa mai ɗigon sabulu, kuma kowane mataki a sauya hannu: in wancan a tsaye aka goga, wannan a kwance. Ta haka ake gane ko layukan baya sun tafi. Masu gaggawa suna tsallakewa daga 600 zuwa 1500, ƙarfen ya yi sheƙi daga nesa, a fito da shi rana a ga zane-zane ko'ina. Kowane mai da faifansa, a rubuta launi a jiki. Faifan da ya taɓa baƙin mai ba ya komawa kore har abada. Da hunturu kuma a ajiye su cikin leda, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maida mutum kan samfefa 1000.

Wani abin da kwalin bai faɗa ba shi ne gudun inji. Giranda ta hannu tana juyi wajen 11,000 a minti, wannan ya yi wa faifan ƙyalle yawa ƙwarai. Injin tebur mai 2,850 ya fi dacewa, kuma ba a dannawa. In ƙarfe ya fara yin ruwan ɗorawa ya ɗau zafi, in ya kai shuɗi sai an sake samfefa. Ƙaramin aiki mai kaifin gefe ko rubutu, kamar wuƙa, hannu ya fi masa. Masu ƙananan bindigogin silba a Amurka, irin Smith & Wesson 686, da yawa da tsumma da man Flitz ko Mothers suke yi, saboda faifai yana dakushe gefuna, ya lotsa bakin ramin kusa, ya cinye rubutu. Mu nan man Autosol ya fi samuwa, kuma yana yin aikin: ɗan kaɗan a tsohuwar singileti, a goga har tsumma ya yi baƙi, a share da sabo.

Har na so in ce a saya don koren, sai na tuna fayafayen. Ɗinkinsu sako-sako ne, tun juyin farko zare ke tashi yana cika hanci da ido, ramin tsakiya kuma ya fi bakin inji faɗi, faifan na rawa yana barin igiyar ruwa a jikin bututu. Baƙin man ya bushe ƙam, da ƙyar yake kama ƙyalle. A cikin kaya bakwai ɗaya ne mai amfani, ɗaya kuma ya jawo mini zargin ha'inci a gaban mai gida. Da na koma da burushin da tsumman da ya yi ja, mai shagon cewa ya yi haka suke zuwa. Koren kuwa ya ce ba ya sayar da shi shi kaɗai.