Akwatin batir mai faifan sola da muka haɗa kuɗi muka saya: abin da na gani bayan kwana huɗu babu wuta

Jama'a tun da na saka hoton akwatin nan mutane ke ta tambayata wai yana aiki kuwa ko dai kwalliya ce, toh bari in faɗi abin da na gani da idona, don sai da iska ta kayar da falwayoyin layinmu muka yi kwana huɗu cur babu wuta sannan na san ainihin ƙarfinsa da kuma inda ya gaza.

Mu gida biyar ne muka haɗa kuɗi muka saya, duk masu ƙaramin ƙarfi, kuma a irin unguwarmu in wuta ta lalace mu ne na ƙarshe da ake tunawa da su wajen gyara. Akwati ne mai hannun ɗauka, batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta soket) da wurin caji duk a ciki, mutum ɗaya zai iya ɗaga shi amma fa yana da nauyi, sai faifan sola mai naɗewa na wat 200. A jikinsa an rubuta wat-awa 1024, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa, batirin kuma irin LiFePO4 ne, shi ne ma dalilin da ya sa na dage a sayi wannan, saboda irinsa yana jure caji da saukewa wajen sau 3000 kafin ƙarfinsa ya koma kashi 80 cikin 100, ga shi ba ya saurin kamawa da wuta kamar sauran batiran litiyom. Batirin ruwan nan irin na da kuwa in kana sauke shi ƙasa da rabi kullum ba zai daɗe maka ba.

Daren farko na yi kuskure, na jona fanka babba da ƙaramin firij na kwanta, kafin asuba ya mutu murus. Raina ya ɓaci sosai har na fara zargin an cuce mu, sai da gari ya waye na zauna da biro da takarda na yi lissafi na gane ba laifinsa ba ne. Fanka mai cin wat 50 in ta yi awa 8 ta shanye wat-awa 400 kenan, firij kuma duk sanda kwamfuresa za ta tashi sai ta fizgi wuta ninki uku ko fi na abin da take ci, sannan ita kanta inbatar tana cinye wani kaso wajen juya wutar batir zuwa ta soket, don haka 1024 ɗin nan da ke rubuce ba duka ne ke isowa hannunka ba, ka ƙaddara 850 ko kusa da haka. Wannan shi ne abin da mai sayarwa bai gaya mana ba kuma ya kamata a ce ya faɗa, don talakan da ya tara kuɗi da ƙyar yana da haƙƙin ya san me zai samu.

Daga nan muka canza tsari. Muka ajiye shi a zaure, kowa ya kawo wayarsa, muka daina amfani da soket sai wuraren USB kawai tunda su ba sa bi ta inbata, kuma wallahi a rana ɗaya mun yi cajin waya kusan ashirin da tocila da rediyo, da dare kuma ƙwayayen fitila huɗu masu wat 5 suka haska tsakar gida har yara suka yi karatu. Batirin waya ai bai wuce wat-awa 20 ba galibi, shi ya sa a wannan fannin akwatin ba ya ko gezau.

Amma abin da ya fi taɓa min zuciya daren na uku ne. Ɗan maƙwabciyarmu mai asma numfashinsa ya sarƙe wajen ƙarfe biyu, na'urar shaƙar maganinsa kuma sai da wuta, uwar ta zo tana buga ƙofa tana cewa Yaya dan Allah akwai sauran caji? Akwai, don mun yi yarjejeniya ba za a sauke shi ƙasa da kashi 30 ba saboda irin haka. Minti goma sha biyar yaron yana shaƙa a cikin ɗaki, babu ƙara babu hayaƙi, har numfashin ya daidaita ya yi barci. Da janareto ne dole sai a waje nesa da taga saboda iskar gubar nan marar wari da ke kashe mutane suna barci, ga neman mai a tsakar dare, ga hayaƙin ma kansa abokin gabar mai asma ne. Tun ranar ban sake jin wani a cikinmu ya yi ƙorafin kuɗin da ya bayar ba.

Yanzu faifan. Wat 200 ɗin nan a ɗakin gwaji ake samunsa, a zafin digiri 25 da hasken da aka auna daidai, a waje kuwa faifai na ɗaukar zafi ƙarfinsa na raguwa. Ni mafi yawan abin da na gani a allon shi ne 150, shi ma da tsakar rana bayan na goge ƙura, kuma sai kana juya shi yana bin rana sau uku ko huɗu a yini. Inuwar igiyar shanya kaɗai ta faɗa kan gefe guda sai ka ga lamba ta zube. Ranar da hadari ya rufe sama ko rabi bai cika ba. Wayar da ke haɗa faifan da akwatin ma gajeriya ce ƙwarai, har ta sa da farko muka bar akwatin a rana, ya yi zafi ya tsayar da caji da kansa, sai da muka nemo doguwa mai kauri muka mayar da shi inuwa.

Kada wanda ya yi tunanin jona hita ko dutsen guga, waɗannan suna cin wat 1000 zuwa 2000, ko dai ya kashe kansa nan take ko ya ƙare cikin mintuna. Wanda kuma ke da mara lafiya a kan na'urar iskar oksijin, dan Allah kar ka dogara da wannan girman, tana cin wat 300 ko fi, ko awa uku ba zai kai ka ba, ka nemi babba da faifai da yawa tun kafin buƙatar ta taso.

In za a sake ba ni zaɓi zan sake sayensa, sai dai tare da faifai biyu tun farko da fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye. Mun riga mun fara tara kuɗin faifai na biyun, kuma mun manna takarda a bango an rubuta wanda zai fitar da faifan rana kowace safiya da wanda zai riƙe akwatin da dare.