Wata huɗu ina biyan kuɗi ana kayar da ni: sharhi kan ajin judo a Birnin Kebbi

Shekarata 54, ma'aikacin gwamnati ne ni a Birnin Kebbi, kuma rabona da motsa jiki tun ƙwallon da muke bugawa a sakandare. Abu biyu ne suka kai ni ajin judo, wato kokawar Japan. Na farko likita, wanda ya duba awon jinina, ya dubi tumbina, ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni zufa sau uku a mako. Na biyu wani yaro ne da ya fizge min waya daga kan babur ana dab da magariba, ina tsaye bakin titi ina amsa kira. Ko yunƙurin binsa ban yi ba, juyawar da na yi kawai sai da ƙuguna ya amsa. Wallahi ciwon ƙugun ya fi na wayar ƙona min rai.

Ba zan ambaci sunan wurin ba, don akwai ƙorafin da zan yi. Zaure ne mai faɗi, an shimfiɗa katifun roba masu haƙora da ake sarƙa su da juna. Mai koyarwar, wato Koci, matashi ne da bai wuce sa'ar babban ɗana ba, yana da baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a judo. Ina biyan N10,000 a wata, ana fitowa Litinin da Laraba da Asabar, daga bayan La'asar zuwa kusan Magariba.

Ranar farko na shiga da zaton za a nuna min yadda ake naushi. Sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wata guda cur ba abin da za ka yi sai faɗuwa." Na ɗauka raha yake yi. Ashe da gaske ne.

A nan ne abin ya fi yi min wuya, kuma a zuciya wuyar take kafin ta zo jiki. Mu da muka taso muna kallon dambe da kokawa, faɗuwa ita ce ƙarshen zance. Ɗan dambe in ya kai ƙasa, cewa ake yi an kashe shi, makaɗa su juya wa wanda ya tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa filin kokawa a bikin kamun kifi na Argungu, ko yake bin gasar kokawar takobi ta Nijar inda su Issaka Issaka na Dosso suka yi suna, ya san bayan namiji ba ya taɓa ƙasa sai da kunya. To ga ni da furfura a gemu, yaro yana ƙirga min, ina zubewa ta baya sau ashirin a jere, yara 'yan firamare suna gefe suna danne dariya.

Ukemi suke kiran wannan darasi, kuma yana da ƙa'ida. Za ka manne haɓarka da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa. Za ka lanƙwasa baya kamar ƙwarya, ka mirgina maimakon ka faɗi a miƙe. Sannan ka mari katifa da dukan hannunka, daga tafi har dantse, daidai lokacin da bayanka ya sauka, ka kuma saki numfashi. Marin nan shi ne yake rarraba nauyin faɗuwar. Babban abin da ake yaƙi da shi kuwa shi ne ɗabi'ar da kowa yake da ita ta tokare ƙasa da tafin hannu in ya tashi faɗuwa. Nan ne wuyan hannu ko ƙashin kafaɗa yake karyewa, kuma ƙashin mai shekara hamsin ba ya ɗinkewa da sauri irin na yaro. Ana farawa daga zaune, sai daga tsugune, sai daga tsaye, ta baya, ta gefe, sannan mirginawa ta gaba. Ni sai da na yi mako shida kafin ya yarda in yi ta gaban, maimakon wata gudan da ya yanka.

Amfanin ya fito ne a inda ban zata ba. Da damina ta sauka, wata safiya santsin simintin bakin famfo ya kwashe ni a tsakar gida. Ban san lokacin da haɓata ta koma ƙirji ba, sai ji na yi na mari ƙasa. Uwargida ta fito da gudu tana salati, ta tarar da ni ina karkaɗe riga. Tun farko ita ce take cewa, "Alhaji, mi yak kai ka wasan yara?" Daga ranar ba ta sake ba. Dantsena ya yi kwana biyu yana zafi, iyakar abin ke nan.

Bayan faɗuwa sai aka shiga kamu: hannun dama a wuyan riga, na hagu a hannun riga. Kafin ka yi tunanin kayar da mutum sai ka fara gusar da shi daga kan ƙafafunsa, ka ja shi ko ka tura shi har nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya, sannan ka share ƙafar. Kuzushi ne sunan wannan. Wanda ya san kokawar gargajiya zai gane abin nan take, bambancin dai a nan riga ake kamawa. Kayarwa biyu kacal na iya zuwa yanzu, osoto-gari da ake sharo ƙafa ta waje, da o-goshi da ake ɗora mutum a ƙugu. Ta biyun ina yi mata a hankali saboda bayana.

Af, ranar da Koci ya ce wanda ya ƙirƙiro judo sunansa Kano, wani dattijo ɗan'uwana a ajin ya ce, "Shi ya sa, ai ba a kayar da Bakano a ciniki." Jigoro Kano ne, mutumin Japan, malamin makaranta, wanda ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a 1964 a wannan birni. Kasancewarsa malami ya nuna a tsarin: komai hawa-hawa ne, kuma in aka matse ka har ka ji ba za ka iya ba, ka ɗan bubbuga sau biyu, dole a sake ka nan take. Ga mai shekaruna wannan doka ta fi kowace daraja.

Akwai batun rusunawa da suke yi wa juna kafin a fara da bayan an gama. Na gaya wa Koci zuciyata ba ta kwanta da sunkuya wa mutum kamar mai ruku'u ba. Bai ja ba, ya ce a ajinsa musafaha ta wadatar. Na yaba masa kan wannan.

Yanzu ga inda suka gaza. Ana gwama mu da yara da samari a lokaci guda, alhali mu dattawa uku ne kawai. Ɗumama jikin da ake yi na samari ne, gudu da tsalle-tsalle, kuma a mako na uku gwiwata ta hagu ta kumbura sai da na yi kwana goma a gida. Da an tambaye ni tun ranar rajista ko ina da hawan jini ko ciwon gaɓoɓi, da ba a kai nan ba. Ba wanda ya tambaya, ni na kawo zancen da kaina. Babu akwatin magani na taimakon gaggawa. Babu wurin sauya kaya, bayan ƙofa muke raɓewa. Wasu katifun sun rabu a mahaɗa, ɗan yatsan ƙafa yana shigewa, sau biyu ina ganin yaro ya gurɗe a haka. In kuma aka ɗauke wuta a watan Afrilu, zauren ya zama tanderu, ga rigar judo mai kauri kamar buhu. Na ƙarshe, Koci yakan makara, wani lokaci da rabin sa'a, kiran sallar Magariba kuma ba ya jiran kowa.

Game da kare kai, wanda shi ne ya kawo ni, gara in faɗi gaskiya. Na koyi zare hannu in aka riƙe ni, ta wajen babban yatsa inda riƙo ya fi rauni. Na koyi tsayawa da tazara, da daina fito da waya a bakin titi. Amma da na tambayi Koci yadda zan yi da mai wuƙa, cewa ya yi, "Baba, ka miƙa mashi wayar, ka koma gida wurin iyalinka." Mai bindiga kuwa, irin waɗanda suka hana mutanenmu noma a yankin Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara, Koci ya ce duk wanda ya ce zai koya maka maganinsa a kan katifa, kuɗinka yake so. Da farko na ji kamar an rage min kaya. Daga baya na ga da ya yi min ƙarya da tuni na daina zuwa.

Tumbi ya ɗan sauka, wandunan da na jingine sun dawo aiki, ina hawa benen ofis ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Maganin hawan jini ina nan ina sha, likita bai ce in daina ba. Wanda ya haura hamsin yake son farawa, ya fara ganin likita, ya je ya kalli darasi ɗaya daga gefe, ya duba mahaɗar katifu da idonsa, kuma kada ya yarda a saka shi gwabzawa da samari a watannin farko. Kada kuma ya yi irin tawa wajen riga: don gudun tsada na kai wa telana yadi ya ɗinka min, kamun farko wuyan ya yage har ƙirji.

Na biya kuɗin wata na biyar, bisa sharaɗin a ware mana mu uku safiyar Asabar bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi. Koci ya ce to. Asabar biyu ke nan, ɗaya ya zo kan lokaci.