Hattara da masu tallar "takobin tarihi" a Facebook da WhatsApp

Jama'a, a yi hattara. Akwai masu yawo da hotunan takubba suna cewa kayan gado ne, matsin rayuwa ya sa aka fito da su. Wani a ce da shi aka yi jihadin Shehu na 1804, wani a ce daga fadar Ali Dinar ya fito, Sarkin Darfur da sojojin Ingila suka kashe a 1916. Hujjarsu kullum ɗaya ce: tambarin da ke jikin ruwan takobin.

Tambari ba ya nuna shekaru. Gaskiya ne an daɗe ana kawo ruwan takobi daga Solingen ta Jamus, fatake su ƙetaro Sahara da shi, a yi masa ƙota da kube a nan. Amma maƙeran Abzin da na ƙasar Hausa da na Sudan su ma sun daɗe suna buga irin waɗannan alamomi a kan nasu aikin: jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, zaki, ƙuda, kyarkeci mai gudu. Ba cuta suka nufa ba. Masu saye ne ke ganin alamar shaidar inganci ce, wasu ma suna ɗaukarta kariya. Har gobe maƙerin Agadas zai buga maka watan nan biyu a takobin da ya gama jiya, ya kuma gaya maka sabo ne.

Macuci irin wannan sabon yake saye da arha, ya shafa masa ruwan batir, ya binne shi a ƙasa mai laima har ya yi tsatsa. Irin wannan tsatsa ja ce, tana biyo yatsa. Ta tsohon ƙarfe baƙa ce, ta zauna daram. A dubi ɗinkin kuben kuma, domin zaren roba ba ya ɓuya.

Da yawan macutan nan ko kayan ba su sani ba. Takobin Buzaye miƙaƙƙe ne, baki biyu, yawanci da kwarmi uku a tsakiya, kansa ba tsini sosai. Kaskara, wato takobin Sudan, kubenta yana buɗewa wajen ƙarshe. Kummiya wuƙar Maroko ce lanƙwasasshiya, filisa kuwa takobin al'ummar Kabyle ta Aljeriya ce, baki ɗaya. Wanda ya nuna maka kummiya ya ce ta barden Kano ce, ka san da wa kake magana.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rawar abokin cin mushen macucin. Kana cikin ciniki sai wani ya kira, wai akwai Bature da zai biya miliyoyi, kai dai ka riga kowa. Kana tura kafin alƙalami, layukan biyu su mutu.

Kada ka tura ko kobo sai takobin ya zo hannunka, ka kai wa tsohon maƙeri da baduku sun duba. Mai kayan da ya ƙi yarda a duba, ka bar masa abinsa, ka kuma kai rahoton shafinsa.