Oikos, Genos, Fule ko Faratiriya: wanne ya dace da dabbarka?

In kana neman sunan da zai nuna cewa karenka ko kyanwarka 'yar gida ce, tsohon Girkanci yana da kalmomi huɗu na iyali da dangi da suka cancanci dubawa. Amma kafin ma'ana, a fara da baki. Zenofon, mutumin Atina da ya yi rubutu kan farauta da karnuka, ya ce a ba kare gajeren suna don a ji sauƙin kiransa, har ya jera sunaye 47, dukkansu masu gaɓa biyu. Da wannan ma'auni zan auna su.

Oikos shi ne zaɓina. Ma'anarsa gida, amma ba gini kaɗai ba: maigida, matarsa, 'ya'ya, bayi, gona da dabbobi, duk suna cikinsa. Mawaƙin Girkawa Hesiyod ya ce abin da manomi zai fara nema shi ne gida, da mace, da san noma. Ke nan tun asali dabba tana da gurbi a cikin wannan kalma, ba cusa ta aka yi ba. Gaɓa biyu ce, tana fita da ƙarfi ko daga nesa ka kira, kuma kalmar namiji ce, don haka ta fi zama a kan kare ko muzuru.

Genos na bi masa. Shi zuri'a yake nufi, mutanen da ke danganta kansu da kaka guda, kamar gidan Alkimiyonidai da mahaifiyar Ferikilis, shahararren jagoran Atina, ta fito. Akwai ƙamshin sarauta a jikinsa, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da doki ko karen da aka san asalinsa. A furta shi da "g" irin ta gero.

Faratiriya tana da ma'ana mai daɗi. Ƙungiyar 'yan'uwantaka ce, inda uba ke kai ɗansa a lokacin bikin Afaturiya a shaida cewa ɗan halas ne, a rubuta sunansa. Matsalarta tsawo: a bakin Bahaushe ta zama gaɓa biyar, kafin ka gama kira kyanwa ta haura katanga. Sai dai ko ga aku, wanda kullum yana kusa.

Fule kuwa ƙabila ce. Atina tana da huɗu, har ɗan siyasarta Kilistenis ya mayar da su 10 wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ma'anarta ta fi sauran nisa da ɗumin gida, domin rabon siyasa da na soja ne. Amma kalmar mace ce, gajera, mai laushi a kunne. In kyanwa ce mace gare ka, ita zan ɗauka a bar Faratiriya.